Kawunan kibau na dutse da ake tsinta a Tenere: yadda ake gane su da yadda ake sanin shekarunsu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko ya yi zama a wuraren haƙar zinariya na Jado tun da aka fara tururuwa can a shekarar 2014, da wuya a ce bai ci karo da waɗannan ƴan duwatsu ba. Wasu ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba, ga tsini, ga kunnuwa biyu kamar na kibiyar maharbi. Akwai kore shar, akwai ja, akwai fari kamar gishirin Bilma. Direbobi kan dawo da su cikin gwangwanin shayi, yara kan tara su, a Agadas kuwa an daɗe ana sayar da su ga ƴan yawon buɗe ido. Ta haka suka iso gidaje a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, inda wasu ke ajiye su don sha'awa. Duk mai ajiyar kuma tambaya biyu yake yi: wannan na gaske ne? In na gaske ne, shekarunsa nawa?

Tambaya ta farko ana iya amsa ta da ido, in mutum ya san abin da zai duba. Ta biyu ta fi wuya, domin mafi yawan amsarta tana can wurin da aka ɗauko dutsen.

Lokacin da Tenere ke da ruwa

Daga wajen shekaru dubu 11 zuwa dubu 5 da suka wuce, damina tana kaiwa can cikin Sahara. Inda yau babu komai sai rairayi, a lokacin akwai tafkuna da fadamu da ciyawa, akwai dorina da kada da giwan ruwa da raƙumin dawa. Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Mutane sun zauna a bakin waɗannan ruwaye suna farauta da su, daga baya kuma suna kiwon shanu. Ba su da ƙarfe, don haka wuƙarsu da gatarinsu da kan kibiyarsu duk na dutse ne. Itacen kibiya da jijiyar da aka ɗaure ta da ita sun ruɓe tuntuni, dutsen ne ya rage.

Kafin wannan zamani ma Sahara ta sha yin kore ta bushe, ta sake yin kore. Shi ya sa abin da ake tsinta a fili guda zai iya kasancewa na zamunna da ke da nisa ƙwarai da juna.

Aikin hannu ne ko tsakuwa ce kawai?

Mutanen da ba kowane dutse suke ɗauka ba. Suna neman mai laushin ƙwaya wanda ke fashewa kamar kwalba, irin ƙanƙarar da ake ƙyasta wuta da ita, da farin dutse mai ƙyalli, da itacen da ya zama dutse. A Tenere an fi sanin wani koren dutse mai santsi, wanda Faransawa suka saba kira "jaspe vert", da ake samowa daga gefen duwatsun Abzin.

Irin wannan dutse in aka buge shi da gangan yana barin alama. A bayan ɓallin da ya fita, daidai ƙarƙashin inda bugun ya sauka, akan ga ɗan kumburi, daga nan kuma wasu layuka masu lanƙwasa suna bazuwa kamar yadda ruwa ke yi in an jefa tsakuwa a tafki. A kan kibiya da aka gama gyarawa, jikin yakan cika da ƙananan ramuka marasa zurfi, jere da juna, kowane yana farawa daga baki yana shiga tsakiya. Waɗannan sawun ɓantara ne: maƙerin yana danna tsinin ƙashi ko ƙaho a bakin dutsen, yana fitar da ɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga dutsen ka bar hasken rana ya zo masa daga gefe, za ka gan su sarai.

Hamada ma tana fasa dutse da kanta. Zafin rana da sanyin dare kan sa wani ɓalli ya fita daga jikin dutse, zagayayye kamar murfin tukunya, amma ba shi da wurin bugu. Iska mai ɗauke da yashi kuma kan goge tsakuwa ta yi mata fuska uku da tsini, har ta yi kama da abin da aka sassaƙa. Bambancin shi ne aikin iska sumul yake ko'ina, aikin hannu kuwa yana da tsari da maimaici, kuma gefen dama da na hagu suna neman daidaita.

Manyan iri da ake samu a Nijar

Mafi tsufa shi ne wanda jama'a kan ɗauka kan mashi ne saboda girmansa: dutse mai cika tafin hannu, mai siffar ƙwallon mangwaro, an sassaƙe fuskokinsa biyu. Wannan a hannu ake riƙe shi ana fiɗa ko sara, ba a ɗaura shi a sanda a jefa. Shekarunsa ana lissafa su da dubbai ɗari-ɗari.

Sai na zamanin da masana ke kira Ateriyan, daga sunan Bir el-Ater a gabashin Aljeriya, inda aka fara bayyana irinsa. Alamarsa ba ta ɓuya: wutsiya mai kauri a gindi, wadda aka fitar don a soka ta cikin ƙota. Ya fi kan kibiya girma da kauri, kuma sau da yawa fuska ɗaya a shafe take, ɗayar ce aka gyara. A kogon Ifri n'Ammar na ƙasar Maroko an auna irin waɗannan kayan aka samu wajen shekaru dubu 145, kuma an ci gaba da yin su har zuwa wajen shekaru dubu 30 da suka wuce. A Nijar an same su a Adrar Bus, arewa maso gabashin Abzin, da Sigidin a yankin Kawar. Masu sayarwa na kiran su kawunan kibau, amma girman nasu ya fi dacewa da mashi, kuma da yawa daga cikinsu wuƙaƙe ne ko abin kankare fata da aka yi ta wasawa har suka gajarce.

Bayan Ateriyan aka shiga dogon fari, hamada ta kusan zama ba kowa. Da ruwa ya dawo, sai ga wani iri siriri da ake yi daga dogon ɓalli, mai ƴar wutsiya kamar basilla wadda sau da yawa ta karkace gefe guda. Sunansa Unan, daga wani wuri a arewacin Mali. Kusa da wannan zamani ne kuma ake samun ƴan mitsi-mitsin ɓallaye masu siffar jinjirin wata ko kusurwa uku, waɗanda ake jerawa a jikin sanda a liƙe da danƙo. Masu tsinta ba su cika kula su ba don ba su da kyan gani, alhali su ne alamar masunta na zamanin Kifiyan, waɗanda suka bar masun kamun kifi na ƙashi da tukwane masu zanen igiyar ruwa.

Waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a, kuma suka fi ɗaukar ido, na makiyayan zamanin Tenereyan ne. Ƙanana ne, sirara, an gyara fuskokinsu biyu tsaf. Akwai mai kusurwa uku da gindi a lotse, akwai mai wutsiya da kunnuwa biyu, akwai mai siffar ganye, akwai mai baki kamar zarto. Wani iri mai faɗin ƙafafu da dogon tsini har Faransawa suka laƙaba masa sunan hasumiyar Eiffel. Akwai ma wanda ba shi da tsini sam, bakinsa a faɗaɗe kamar kurfi, shi ma kan kibiya ne. A wuraren da ake samun su akan ga duwatsun niƙa, da tsingaro, da ƴan duwatsun wuya na ɓawon ƙwan jimina, da wasu fayafayan koren dutse masu siririn baki da suka zama tambarin wannan zamani. A shekarar 1957 wani masani Bafaranshe, Henri-Jean Hugot, ya kasa kawunan kibau na Sahara gida-gida bisa siffarsu, kuma har yanzu ana amfani da rabon nasa wajen bayyana su.

Abu biyu kan shiga cikin tarin mutane su rikita lissafi. Na farko gatarin aradu, wato gogaggen dutsen nan mai baki kamar gatari da manoma kan tono a gona, wanda aka gada ana cewa tsawa ce ta jefo shi. Gatari ne na mutanen da, an wasa shi a kan wani dutse har ya yi sulɓi. Na biyu ƙanƙarar bindiga, mai kusurwa huɗu, wadda aka yi ta shigowa da ita daga Turai don bindigogin da. Ita shekarunta ƴan ɗaruruwa ne kacal.

Iyakar abin da siffa ke faɗa

Siffa na iya raba Ateriyan da Tenereyan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda tsakaninsu akwai dubban shekaru masu yawa. Amma a cikin zamani guda ba ta da kaifi. Kan kibiya mai lotsattsen gindi an yi ta yin sa shekaru dubbai, a wurare masu nisa da juna. Maharbi ɗaya ma kan iya riƙe iri biyu ko uku a kwarinsa, na tsuntsu daban, na barewa daban. Wanda ya karye kuma akan sake gyara shi, ya fito da wata siffa. Saboda haka in wani ya dubi dutse a tafin hannu ya ce shekarunsa dubu 6 da 200 daidai, ƙawa ce kawai yake yi wa ciniki.

Haka nan launi da sheƙi. Dutsen da ya daɗe a fili yakan yi sulɓi saboda gugar yashi, wani ya yi duhu, wani ya yi fari-fari a sama. Wannan na nuna ya jima a waje, amma saurin canjin ya danganta da irin dutsen da wurin da ya kwanta. Kawunan kibau biyu da mutum ɗaya ya yi rana ɗaya, in ɗaya ya nutse cikin laka ɗaya ya zauna a fili, yau ba za su yi kama ba.

Babbar matsalar Tenere ita ce iska. A wuraren da ƙasa ke taruwa, kayan kowane zamani na kwance a nasa hawa, na ƙasa ya girmi na sama. A hamada kuwa iska kan kwashe yashi da ƙura ta bar masu nauyi, sai duk hawan su rufta wuri ɗaya. Ta haka za ka ga wutsiyar Ateriyan, da kan kibiyar makiyayi, da gwangwanin sardin na wani direba, kwance gefe da gefe. Wannan iskar ce ta sa tsintuwa ke da sauƙi a arewa fiye da gonakin kudu, inda ƙasa da noma suka rufe komai, kuma ita ce ta sa sanin shekaru ke da wuya.

Abin da ake aunawa a ɗakin bincike

Awon da aka fi ji shi ne karbon 14, wanda Ba'amurke Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari muddin yana raye. Da ya mutu sai sinadarin ya fara raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin kowace shekara dubu 5 da 730. In aka auna abin da ya saura, sai a san lokacin mutuwa. To amma dutse bai taɓa rai ba, don haka ba a auna kan kibiya da karbon 14. Abin da ake aunawa shi ne gawayin murhu, ko ƙashi, ko haƙori, ko ɓawon ƙwan jimina, ko ƙaiƙayin da aka cuɗa cikin yumɓun tukunya, wanda aka samu tare da dutsen a hawa guda da ba a taɓa ba. Awon kuma ba ya wuce wajen shekaru dubu 50, ke nan mafi yawan zamanin Ateriyan ya fi ƙarfinsa.

Ko a nan akwai tarko. Zafin hamada na lalata sinadarin da aka saba aunawa a cikin ƙashi, shi ya sa ake komawa ga farin saman haƙori. Katantanwar tafki kan nuna shekaru fiye da nata, don ta sha tsohon karbon da ke cikin ruwa. Sannan lambar da na'ura ke bayarwa sai an daidaita ta da kalanda: shekaru dubu 9 na karbon 14 sun kai wajen dubu 10 da 200 na gaskiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa littattafai biyu kan ba da shekaru daban game da wuri ɗaya.

Ga abin da ya fi haka tsufa, akwai awon da ke gano ranar ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana kafin a binne ta, da wanda ke gano lokacin ƙarshe da dutse ko tukunya suka shiga wuta. Na biyun ne ya ba da shekarun Ifri n'Ammar. Awon yashin kuwa sai an ɗebi samfurin a wurin, cikin bututun da haske ba ya shiga. Dutsen da ya kwana a aljihu ya riga ya rabu da duk wannan.

Gobero misali ne na abin da wuri ke iya faɗa in an bar shi. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na jami'ar Chicago, da ke neman ƙasusuwan manyan dabbobin da a yankin Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, ya ci karo da maƙabarta a kan tuddan yashi a bakin wani busasshen tafki. An ƙirga kaburbura wajen 200. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna jama'a biyu: ta farko, masunta ƴan Kifiyan, daga wajen shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai fari na kusan shekara dubu da ya kori kowa, sai ƴan Tenereyan daga wajen 5200 zuwa 2500. A wani kabari an samu mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwa a haɗe, tare da kawunan kibau. Waɗannan kawunan an san shekarunsu, sama da dubu 5, domin an auna mutanen da aka binne su tare. Koren dutsen da aka yi wasu kayan Gobero da shi kuma an bi sawunsa har gefen Abzin, tafiyar sama da kilomita 100, abin da ke nuna ana zirga-zirga ko musaya. Da wani ya riga su zuwa ya cika buhu, da abin da za a samu bai wuce kyawawan duwatsu ba.

An ga irin haka a Amurka, ƙasar da tara kawunan kibau ya zama abin sha'awar dubban mutane. A 1908 wani makiyayi baƙar fata, George McJunkin, ya ga ƙasusuwan wani irin ɓauna da ya ƙare a duniya, a wani kwazazzabo kusa da garin Folsom na jihar New Mexico. Da aka tona wurin a 1926 an samu kan mashi na dutse, amma a sake yake cikin ƙasar da aka riga aka motsa, masana suka ƙi yarda. A 1927 aka sake samun wani, wannan karo a tsakanin haƙarƙarin dabbar, aka bar shi yadda yake aka kira masana suka gani da idonsu. Daga ranar aka amince mutum ya daɗe a nahiyar fiye da yadda ake zato da dubban shekaru.

Na jabu

Inda akwai mai saye, akwai mai ƙerawa. Har yau akwai masu iya ɓantarar dutse, kuma sabon aiki na iya yin kyau fiye da tsoho. Sabo bakinsa na yanka, ramukan jikinsa ba su da sheƙi, wani lokaci ma akan ga ƴan farare-fararen ɓallaye da suka tsage ba su faɗi ba, waɗanda da iska ta daɗe da kwashe su. Layuka madaidaita masu bin hanya ɗaya sawun magagari ne ko injin wasa. Akwai kuma dabarar ɗaukar tsohon ɓalli ko karyayyen kai a sake yi masa tsini da kunnuwa. A nan launin baki kan bambanta da na tsakiya. Mai ko man takalmi da aka shafa don ya yi duhu kan fita da ruwan ɗumi da sabulu.

In ka ci karo da su

Abin da ya fi amfani shi ne wayar da ke aljihunka. Ɗauki hoton dutsen a inda yake, ka ajiye tsabar kuɗi kusa da shi don a gane girmansa. Ɗauki hoton filin gaba ɗaya, da abin da ke kewaye: tsingaro, toka, ƙasusuwa, dutsen niƙa. Ka adana lambobin GPS na wurin, waɗanda waya ke iya bayarwa ko babu layi. In akwai ƙasusuwan mutane, kabari ne, a bar shi. Kada kuma a baza lambobin wurin a Facebook ko WhatsApp, don masu kwasa ma suna karantawa.

Wanda ya riga ya mallaki tari a gida, abu mafi sauƙi shi ne ya raba su bisa wurin da aka samo, kowane rukuni da takardarsa: wane wuri, wace shekara, wa ya kawo, me aka gani tare da su. Ko "tsakanin Agadas da Dirku, kusa da rijiya kaza" ya fi babu. Kada a goge su da ƙarfe, kada a huda su don yin sarƙa.

Ta fuskar doka, dokar ranar 30 ga watan Yuni 1997 kan kare kayan tarihi da al'adu na ƙasa ta tanadi cewa tono sai da izinin hukuma, wanda ya yi tsintuwa ya sanar da hukuma, fitar da kayan waje kuma sai da takarda. Wani babban yanki na Abzin da Tenere yana cikin gandun da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1991. Nijar ta riga ta ɗanɗana asarar irin wannan: wurin tarihi na Bura a yankin Tera, da aka gano a 1975, Boubé Gado ya tona shi a 1983, amma bayan an nuna gumakansa na yumɓu a Turai cikin shekarun 1990 sai masu haƙa suka afka wa yankin, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta a shekarar 2000.

Masu wannan aiki a ƙasa su ne sashen binciken kayan tarihi na cibiyar IRSH da ke ƙarƙashin jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. A cikin jahohi ana iya bi ta ofishin kula da al'adu na jaha ko ta magajin gari. Wanda kuma ke son gwada nasa da na gaske, gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959, yana da kayan dutse na zamunnan da aka ambata a nan.